Ina son rubuta labari, amma rayuwata ba ta wuce tsakar gida ba

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya. Ta ce tana son rubuta ƙagaggen labari, ta kuma karanta littattafai da dama, amma duk sanda ta zauna rubutu sai kanta ya ɗaure. A cewarta, rayuwarta ba ta wuce girki da wanke-wanke da shirya yara makaranta ba, ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba ta san gidajen masu kuɗi ba. To a ina za ta samo labari? In kuma daga gida ta ɗauko, yaya za ta yi kada a ce ta tona asirin dangi?

'Yar'uwa, labari kina da shi, har ya yi miki yawa. Abin da ya ɗaure miki kai shi ne irin littattafan da kika fi karantawa, waɗanda suka sa kika ɗauka cewa labari sai da Alhaji mai gida a Maitama, da 'yar talakan da ya hango a bakin titi, da tafiya Dubai sayo lefe. Na duba rubutun sababbin marubuta da yawa, kuma kusan kullum inda rubutun yake yin sanyi shi ne inda marubuciya ta shiga falon da ba ta taɓa shiga ba. Sai ta hau lissafa kujeru da labule da motoci, don ba ta san abin da ke hana mutanen wannan falon barci ba. Amma da zarar labarin ya koma gidan su yarinyar, sai alƙalamin ya farfaɗo. Nan ta san komai. Ta san irin kallon da uwa ke yi wa 'yarta in ta yi ɓaranɓarama a gaban baƙo, ta san shirun da ke sauka a tsakar gida in maigida ya shigo bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba.

Ki duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Tushensa mace ce, Rabi, mai 'ya'ya tara, da mijinta ɗan kasuwa da ba ya ba da kuɗin cefanen da zai ishi gidan, ga shi kuma ya je ya ƙaro aure. A kan wannan aka gina littafin da har aka fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Mutanen da ba su taɓa taka Kano ba sun karanta shi sun fahimta, domin kuɗin cefane magana ce da ke kowane gida a duniya.

Sai dai ki gane abu ɗaya tun daga farko: abin da ya faru daban, labari daban. "An yi suna a gidanmu, an yanka rago, dangi sun taru" rahoto ne. Yana zama labari ne in akwai wata a cikin taron da take son wani abu ƙwarai, akwai abin da ya tare ta, kuma in ba ta samu ba za ta yi asarar da za ta ji a jikinta. A gidan Bahaushe, abin da ya fi tare mutum ba ya wuce bakinsa: kunya, kawaici, "me mutane za su ce". Mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan haɗiye magana, kuma duk maganar da aka haɗiye tana nan a ciki tana aiki. Wannan babbar sa'a ce ga marubuci, kuma a nan nake so ki fara nema.

Ɗauki uwa da ɗan farinta. Kin san al'adar: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma bayan yaye kaka ce ke ɗauke shi. Yanzu ki sa shi ya girma, ya samu aiki a Legas, gobe da asuba zai hau mota. Ƙannensa suna ta kai-komo a ɗakinsa, kaka tana ta sa albarka da ƙarfi. Ita uwar tana madafi, ba ta fito ba. Da ta tashi zuba masa tuwo, sai ta tura tsokar nan mafi girma ƙarƙashin miya inda ba wanda zai gani. Da dare ta kira autarta, ta kwance bakin zani ta ba ta ƙullin kuɗi, ta ce, "Ki kai wa wancan, ki ce in ji Inna." Shi kuwa ya karɓa, ya je ya durƙusa ya yi wa kakarsa godiya, ya tafi da abin da ya daɗe yana zato a ransa, cewa mahaifiyarsa ba ta damu da shi ba. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ɗaga murya, amma mai karatu zai so ya san ranar da yaron zai gane, da kuma ko zai gane tana da rai. Irin wannan yana faruwa a layinku.

Ki kuma bi sawun kuɗi da abinci, domin a nan ake gane matsayin kowa a gida ba tare da an faɗa ba. Wa ake fara zuba wa? Kwanon wa ake rufewa a ajiye? In an raba nama, wa ke samun ƙashi? A gidan da ake rabon kwana, wace ce maigida ke cinye abincinta tas, wace ce yake ɗan taɓawa ya ture? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin komai ya tashi, amma a gidaje da yawa kuɗin da maigida ke ajiyewa da safe bai tashi daidai da kasuwa ba. Wa ke cike giɓin? Daga ina take samowa? Shi ya sani ya yi shiru, ko bai sani ba? Kowace amsa labari ce daban. In ya sani ya yi shiru, kina da labarin namijin da kunyar gazawa take ci. In bai sani ba, kina da labarin ranar da zai buɗe akwatinta ya tarar babu 'yan kunnen gwal ɗin da uwarta ta bar mata.

Ko ki tuna farkon 2023, bayan an sauya takardun naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, lokacin da wa'adin kai tsofaffi banki ya matso. Jaridu sun ba da labarin layuka a bankuna da wahalar kasuwa. Ke kuwa kina iya ba da labarin da jarida ba za ta kai gare shi ba: matar da ta shekara da shekaru tana tara kuɗi a cikin kwalla a saman kabad, ba da sanin kowa ba, tana ce wa miji da 'yan'uwa ba ta da ko sisi, yanzu ga wa'adi ya ƙarato, ba ta da asusun banki, dole ta miƙa wa wani ya kai mata. Wa za ta ba? Mijin da ta hana rance wancan watan? Ɗanta da ta san hannunsa ba ya riƙe kuɗi? Uwar adashi? Babban al'amarin ƙasa in ya shigo ta zaure ya iso ɗaka, kamanninsa kan canza, kuma ke ce kike zaune a inda ake ganin wannan.

Bari in ɗan daɗe a kan rabon gado, don ban san wani wuri da ya kai shi tara labari ba, kuma yawancin marubutanmu suna wuce shi da jimla ɗaya, su ce "aka raba gado aka cuce su". Ki yi lissafin da gaske, za ki ga labarin ya fito da kansa. A ce mutum ya rasu ya bar mata biyu, iyayensa sun riga shi, dukiyarsa kuma gida ne guda da aka yi wa kuɗi naira miliyan 16. Uwargida 'ya mace ɗaya gare ta, amarya kuma maza uku. Tunda akwai 'ya'ya, matan biyu tumuni za su raba, wato kashi ɗaya cikin takwas: miliyan 2, kowacce ta ɗauki ɗaya. Saura miliyan 14 na 'ya'ya ne, namiji yana da rabon mata biyu, don haka kowane namiji miliyan 4, macen kuma miliyan 2. Ɗakin uwargida ya tashi da miliyan 3, ɗakin amarya ya tashi da 13. Malam ya raba daidai, ba wanda ya ci haƙƙin wani.

To amma a ce shekara talatin da suka wuce, lokacin da ginin ya tsaya a linta, uwargida ce ta sayar da shanun da ta gada, aka yi rufi. Da bakinsa ya ce mata rance ne, zai biya. Shari'a ta ce a fara biyan bashi kafin a taɓa gado, haƙƙinta yana nan. Sai dai ba takarda, ba shaida, daga ita sai shi, shi kuma yana kabari. In ta yi magana, za a ce mijinta ko kwana arba'in bai yi ba ta fara lissafi, za a ce ƙyashin 'ya'yan kishiya take. In ta yi shiru, za a sayar da gidan da ta rufa da dukiyarta, ta koma ɗakin haya ko gidan suruki. Ga ta kuma cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, a gida ɗaya da kishiyar, suna shan ruwan randa ɗaya, masu gaisuwa suna shigowa suna tarar da su a tabarma ɗaya. Yanzu ki ƙara abu guda: amaryar ta sani. Ya taɓa faɗa mata wani dare. Shaidarta za ta rage rabon 'ya'yanta. Kin ga kin samu mata biyu, kowacce da magana a bakinta da ta kasa fitarwa, da wa'adin da ke matsowa kullum. Wannan ya isa littafi guda, kuma ba a fita ƙofar gida ba.

Abin lura a nan shi ne, sai da na san hukuncin sannan labarin ya samu. Duk inda za ki taɓa gado ko saki ko idda ko riƙon 'ya'ya, ki tambayi malami ko ki buɗe littafin fiƙihu kafin ki rubuta, don mai karatun Hausa ya san waɗannan abubuwa, kuskure ɗaya zai sa ya daina yarda da ke. Sanin ma yana buɗe ƙofa. Misali, a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya'ya bayan rabuwar aure, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in kuma uwar ta yi wani aure haƙƙin yakan koma ga mahaifiyarta. A aikace kuwa kin san yadda aka saba: ana yaye yaro dangin uba su zo su ɗauka. Tsakanin abin da ke littafi da abin da ake yi a unguwa akwai mata da yawa da ke kuka a ɓoye, akwai agola da ke cin abinci a gefe, akwai ɗan riƙon da bai san ɗakin da zai kira nasu ba.

Sai kunne. Ki koyi sauraron yadda mutanenki suke magana da gaske, domin a gida ba a cika faɗin abu kai tsaye ba. Uwar miji ba za ta ce miyarki ba ta yi daɗi ba, cewa za ta yi, "Mu dai a zamaninmu daddawa ake sa wa." Faccala ba za ta zage ki ba, ɗanta za ta kama da faɗa tana cewa, "Kai ma ka koyi shiga ɗakin mutane ba sallama?" alhali ke take nufi. Habaicin da a da ake yi a bakin turmi yanzu ya koma kan WhatsApp, a ɗora hoto da karin magana, duk dangi su san da wa ake. Ki ajiye ƙaramin littafi, ko ki riƙa rubutawa a wayarki. In kin ji magana ta tsaya miki a rai, ki rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ki gyara mata zama. Rabin abin da ke kashe hira a littattafanmu shi ne kowa yana magana da murya ɗaya: kaka da jika da direba duk Hausarsu ɗaya, kowa kuma yana faɗin abin da ke ransa dalla-dalla kamar a gaban alƙali.

Tsofaffin gidanku kuwa, kada ki bari su tafi da abin da ke cikinsu. Amma kar ki ce wa kaka "ba ni labari", tatsuniya za ta yi miki ko ta ce ta manta. Ki ɗauko tsohuwar tasa ko kwallar da ke ɗakinta ki ce, "Wannan wa ya saya miki?" Ki tambaye ta nawa ne sadakinta, da fam aka biya ko da naira, tunda a 1973 aka yi canjin. Ki tambaye ta me suka ci a shekarun farin nan na farkon 1970, ko wa aka fara kamawa a gidan aka kai boko da aka kawo shirin ilimin firamare na kowa da kowa a 1976, da kuma wanda aka ɓoye a rumbu. Daga tambayar tasa sai ki ji sunan wata kishiya da ba a taɓa ambata miki ba. Wasan jika da kaka ya ba ki damar da uwarki ba ta da ita, ki yi amfani da ita tun da sauran lokaci.

Akwai tarkon da nake so ki kauce wa, don mai ɗauko labari daga gida ya fi kowa faɗawa ciki. Shi ne ki mayar da rubutu wurin ramuwa: ke ce baiwar Allah mai haƙuri, uwar miji ko kishiya kuma muguwa tun daga shafin farko har ta haukace a na ƙarshe. Mai karatu zai gane ƙara kike kawowa. In akwai wadda ta ɓata miki rai kuma kina son sa irinta a labari, ki zauna ki rubuta shafi biyu da bakinta, tana cewa "ni". Matar da ta yi talla ta yi wankau ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta bayan ubansa ya rasu, yau ga wata yarinya ta zo ita ke riƙe da makullin sito, ita kuma sai ta aika a tambayo mata sukari. Ba sai kin ba ta gaskiya ba. Amma in kin san tsoron da ke cikinta, sharrinta a labarin zai fi kama da na mutane, zai kuma fi taɓa mai karatu.

Yanzu maganar asirin dangi. Damuwarki tana kan hanya, kuma ina so ki riƙe ta. Giba ba ta tashi daga giba don an buga ta a littafi, kuma canza suna kaɗai ba ya ɓoye kowa. In kin ce Hajiya mai 'ya'ya bakwai da ke sayar da atamfa a gida wadda mijinta direban tanka ne, ko da wane suna kika kira ta duk unguwa ta gane. Abin da za ki ɗauka daga gida shi ne ƙullin matsalar, ki bar wa mutanen rayuwarsu. In abin ya faru tsakanin 'ya da uba a Zariya, ki gwada shi tsakanin ƙane da wa a Maraɗi ko Gusau. Ki canza sana'a, ki canza yawan 'ya'ya, ki canza zamani. Mutum ɗaya na labari ki haɗa shi daga mutum uku ko huɗu, kamar yadda ake haɗa yaji: tafiyar wannan, bakin wancan, rowar wani, har ya zama ba a iya ware ko ɗaya. Wannan yana kare dangi, yana kuma gyara labarin, don muddin kina manne da "ai haka aka yi" ba za ki iya yanke abin da ba ya aiki ba. Sau da yawa marubuciya takan kare wani babi mara amfani da cewa wallahi haka ya faru. Mai karatu bai damu da haka ba, abin da yake so shi ne ya yarda da shi a kan takarda.

Akwai kuma abin da ba a taɓawa ko an canza kamanni. Maganar da aka faɗa miki bisa amana, ciwon da wani yake ɓoyewa, abin da ya shafi mutuncin yarinya ko nasabar yaro, sirrin da ke tsakaninki da mijinki. Ma'aunin da nake ba masu koyo shi ne: ki ɗauka mai abin yana zaune ana karanta labarin a rediyo a tsakar gida, dangi duk suna ji. In kowa zai juyo ya kalle shi, ba ki gama aiki ba. In kuwa shi kaɗai zai ji abin a ransa, sauran su ce "kamar a gidanmu", to kin yi daidai. In abin na mutum ɗaya ne ƙwarai har ba ya canzuwa, ki nemi izininsa, in ya ƙi ki haƙura ki ajiye.

Kada ki fara da littafi mai juzu'i uku. Ki fara da gajeren labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, irin tsawon da ake nema a gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016. Wannan tsawon ba ya ɗaukar tarihin dangi tun daga kakanni, don haka zai tilasta miki zaɓe: gida ɗaya, yini ɗaya ko biyu, mutum biyu ko uku, magana ɗaya da aka kasa faɗa. Ki fara daga kusa da inda abin zai fashe, wato daren da ɗan fari zai tafi, ko safiyar da malamin rabon gado zai zo, sauran bayanin ki riƙa sako shi kaɗan-kaɗan ta bakin mutanen. In kin gama, ki karanta shi da ƙarfi ke kaɗai, duk inda harshenki ya sarƙe ki gyara. Sannan ki ba wata da ba 'yar gidanku ba ta karanta, ki tambaye ta abu biyu: a ina ta fara gajiya, kuma wa ta fi tausaya wa. In ta ambaci wadda ba ita kika nufa ba, ki koma ki duba, wataƙila labarin na waccan ɗin ne, sai ki sake rubuta shi daga ɗakinta.